Gyaran mutum-mutumin tela: haɗa mazubi da zuba sassa a gida

Mutum-mutumin da teloli da masu kantin tufafi ke sanya wa kaya a bakin shago, a Dogon Dutsi, Tibiri, Matankari ko Kore Mairuwa, kusan dukkansa daga waje yake zuwa. Wani ya biyo babbar hanya daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 270, wani ya shigo ta iyakar jihar Kebbi a saman mota, an ɗaure shi da igiya tare da sauran kaya. Matsala biyu ke biyo shi. Ta farko karyewa: iskar farkon damina ta kayar da shi, yatsu su guntule, kafaɗa ta tsage, kuma babu mai sayar da hannu shi kaɗai. Ta biyu siffa: an ƙera shi a kan jikin siririn Bature ko Baturiya, don haka babbar riga takan zube masa a kafaɗa, zane kuma ba ya samun ƙugun da zai kama. Duka biyun suna gyaruwa a gida, kuma gyaran ya dogara ne a kan mazubi, wato ramin da aka ɗauki siffar abu a cikinsa don a sake zuba irinsa. Abin da aka zuba ba ya fin mazubinsa kyau, saboda haka a nan ya kamata a kashe lokaci.

Kafin a sayi komai sai a gane abin da aka yi jikin da shi. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na zaren gilashi da rezin: yana da tauri, idan aka ƙwanƙwasa shi yana ba da amo, idan kuma aka leƙa ta wurin karayar ana ganin farin zare a cakuɗe. Wannan yana karɓar faci da fenti sosai. Akwai kuma na roba mai arha, irin robar jarka, marar nauyi, mai lotsawa idan an danna, mai santsi a hannu. Rezin da gam ba sa kama irin wannan roba, ko da sun yi kamar sun kama a ranar farko. Sashen da za a ƙara masa sai an ɗaure shi da ƙusa mai zare ko waya ta ciki. Wanda bai bambance su ba zai yi asarar kayan aiki masu tsada.

Sai kuma abin da za a kwafa. Nan akwai kuskuren da masu farawa ke yawan yi: hannun hagu ya karye, sai a ɗauki mazubin na dama. Abin da zai fito hannun dama ne na biyu. Mafita ita ce a ari hannun hagu daga mutum-mutumin maƙwabci mai girma ɗaya, ko a liƙa gutsattsarin wanda ya karye a cike giɓin da yumɓu har siffarsa ta dawo, sannan a kwafe shi. Haka nan dole a duba wuraren da ke maƙalewa, kamar tsakanin yatsu ko lanƙwasar tafi. Mazubi mai tauri ba ya sakin abin da ya rungume ta baya. A toshe irin waɗannan wurare da yumɓu, a sassaƙe su daga baya bayan an zuba.

Kayan mazubi mafi sauƙin samu shi ne farin garin filasta da masu silin ɗin staf ke aiki da shi. Daga dutsen jifsum ake yinsa, irin wanda ake haƙowa a jihar Tawa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza; ana gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 150 har yawancin ruwan jikinsa ya fita, idan kuma aka mayar masa da ruwa sai ya koma dutse. Awon da ke ba da mazubi mai ƙwari shi ne kilo 1 na gari a kan mililita 700 na ruwa. Ruwan ake fara zubawa a roba, a riƙa barbaɗa garin a kai har ya yi tsibiri a tsakiya, a bar shi minti 2 ya sha, sannan a dama a hankali daga ƙasa don kada kumfa ta shiga. Yana daskarewa cikin minti 20 zuwa 30, amma a bazarar Arewa, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ruwan jarkar da ta wuni a rana yana sa shi kamawa tun ana damawa. A ɗebi ruwan randa, a yi aikin da sassafe. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri shi ma yana canza lokacin daskarewar, ya kuma fito da farin gari a fuskar mazubin. Garin da ya sha danshin damina ya yi gudaji ya riga ya mutu, ba ya ƙara yin ƙarfi. Kuma idan kwaɓin ya fara kauri ba a ƙara masa ruwa. A zubar a sake sabo.

Mazubin hannu gida biyu ake yi masa. A shimfiɗa yumɓu mai laushi, wanda aka tace tsakuwarsa kamar na maginan tukwane, a kan katako. A kwantar da hannun a nutsa rabinsa a ciki, a gyara bakin yumɓun da wuƙa ya bi daidai layin da ya fi faɗi a kewayen hannun, domin nan ne gidajen biyu za su rabu. A dangwala ramuka 4 da kan yatsa a kusurwoyin yumɓun. Su ne za su zama haƙoran da ke haɗa gidajen daidai. A kewaye da bangon kwali ko langa-langa, a toshe ƙasansa da yumɓu. A shafe hannun da basilin kaɗan ko ruwan sabulu mai kauri. Zubin farko a yi shi da burushi, siriri, a hura shi ya shiga kowane lungu, sannan a cika har kaurin ya kai santimita 2 zuwa 3 a saman wurin da ya fi tudu. Idan aka tsoma zaren rama ko guntun buhun algarara a kwaɓin aka shimfiɗa a baya, mazubin ba zai fashe ba ko ya faɗi. Bayan awa 1 a juya, a cire yumɓun ba tare da an motsa hannun ba, a shafe fuskar filastar da sabulu sau 2 ko 3, sannan a zuba gida na biyu. Wanda ya manta wannan shafin zai wayi gari da dunƙulen dutse guda da hannun a tsakiyarsa. Ta wajen wuyan hannu ake barin bakin zubi.

Wasu kan so kwafar hannun mutum kai tsaye, kuma nan ne haɗari yake. Ba a taɓa tsoma hannu ko ƙafa a cikin bokitin kwaɓaɓɓiyar filasta. Tana fitar da zafi yayin daskarewa, idan tana da yawa zafin na iya kaiwa digiri 60, ga shi ta riƙe hannun ba ya fita. A Ingila, a 2007, wata ɗaliba ta rasa yawancin yatsunta ta wannan hanya a ajin zane. Abin da ya dace da fata shi ne aljinat, garin da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar haƙora da shi. Ana kwaɓa shi da ruwan sanyi, ya daskare cikin ƴan mintoci ya zama mai laushi, hannun ya zare ba wahala. Aibinsa shi ne yana tsukewa da zarar ya fara bushewa, a hunturu ma cikin gaggawa, don haka a zuba filasta a ciki nan take. Hannun filastar da ya fito shi ne za a gyara, a ɗauki mazubi mai ɗorewa daga gare shi.

Inda siffa ke da lunguna da yawa, silikon ya fi dacewa domin yana miƙewa ya saki. Na musamman mai haɗi biyu yana da tsada kuma sai a manyan birane, amma na bututu da masu aikin gilashi ke liƙi da shi, mai warin tsami, yana biyan buƙata a ƙaramin aiki. A matse shi cikin kwanon ruwa mai sabulu da yawa, a murza da jiƙaƙƙen hannu har ya daina danƙo, a lulluɓe abin da shi kaurin rabin santimita, bayan ya kama a yi masa rigar filasta ta baya don ya riƙe siffarsa.

Abin da za a zuba a mazubin ya danganta da inda mutum-mutumin zai tsaya da kuma ƙarfin aljihu. Filasta zalla ba ta dace da yatsu ba, tana da nauyi kuma tana karyewa ko da an sa mata waya. Rezin da zaren gilashi shi ne na ƙwarai, kuma masu gyaran jikin mota sun san inda ake samunsa. Sharaɗinsa mazubin ya bushe ƙayau, kwanaki kaɗan a hunturu, mako ko fiye a damina, domin danshi yana hana rezin kamawa. A shafe cikinsa da banish, bayan ya bushe a bi da kakin goge mota sau da yawa. Maganin daskarewar rezin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo 1. A zafin Arewa a tsaya a kashi 1, a auna da sirinji, kada a yi da ka, kuma kada a kwaɓa fiye da giram 200 a lokaci guda, domin mai yawa yana ɗaukar zafi ya daskare a gwangwani har ya yi hayaƙi. A shafa rezin a kowane gida, a ɗora yagaggen zaren gilashi, a daddanna da kan burushi har farinsa ya ɓace, shimfiɗa 2 ko 3. Da ya fara kauri a yanke abin da ya fito baki, a haɗa gidajen a ɗaure da robar tayar keke, a zuba ɗan rezin ta bakin a jujjuya ya liƙe haɗin. Ƙusar da za ta haɗa sashen da jiki a lokacin ake dasa ta.

Wannan aiki ba na cikin ɗaki ba ne. Warin rezin yana sa jiri da ciwon kai, yana kuma kama wuta, don haka a yi shi a rumfa mai iska, nesa da murhu da yara da masu ciki. Maganin daskarewar ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa: a sa tabarau da safar hannu, idan ya fantsama a wanke idon da ruwa mai yawa na minti 15 a tafi likita. Lokacin gugar sanfefa a jiƙa ta, a rufe hanci da takunkumi.

Ga wanda rezin ya fi ƙarfinsa, takardar buhun siminti tana yin aiki mai kyau ƙwarai. A yayyage ta da hannu, a jiƙa da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, a jera a cikin mazubin shimfiɗa 8 zuwa 10, ana barin kowace 2 ko 3 su sha iska. Sashen yakan fito da ƙwari kuma ba nauyi. Da kokon rogo ma yana yiwuwa, sai dai gara da ɓeraye suna binsa. Ko da wanne aka yi, a shafe shi da banish ciki da waje, kada kuma ruwan sama ya same shi.

Maganar ƙara jiki tana da hanya biyu, kuma mai sauƙin ta fi. Idan tela na son gwada ɗinki ne, soson katifa da auduga sun wadatar: a naɗa a ƙugu, ƙirji da kafaɗa, ana aunawa da tef har a kai awon yawancin masu kawo ɗinki, a rufe da yadi mai miƙewa. Irin wannan jiki yana karɓar allura, abin da mai tauri ba ya yi. Idan kuwa ana son a riƙa fitar da jiki mai siffar mutanen gari da yawa, har a sayar wa wasu teloli, sai a ɗauki mazubin gangar jiki da bandejin filasta na ɗaurin karaya. Mutumin da za a kwafa ya sa riga mai kama jiki, a naɗe shi da leda, a ɗora shimfiɗa 3 ko 4 a gaba kaɗai, a cire, sannan a yi baya. Ba a zagaye ƙirji gaba ɗaya, domin yana hana numfashi, kuma mai tsayuwar na iya suma, don haka a ajiye kujera da almakashi kusa. Mace ita ce ke ɗaukar na mace.

Sassan ƙarfe, kamar faifan ƙasa da ke riƙe tsayuwa da mahaɗin kafaɗa, ba aikin gida ba ne. Masu zubin tukwanen alminiyum sun fi kowa sanin mazubin yashi. A sassaƙa musu samfuri da itace su danna a yashi su zuba. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 kuma yana tsukewa da fiye da kashi 1 cikin 100 idan ya huce, saboda haka a ɗan ƙara wa samfurin girma. Kada a kuskura a zuba narkakken ƙarfe a mazubin filasta mai danshi, domin ruwan cikinsa zai zama tururi ya watso ƙarfen. Ga faifan ƙasa kuwa, siminti da aka zuba a tsohon kwano, da bututu a tsakiya, ya fi nauyi kuma iska ba ta kayar da shi da sauƙi.

Kai kuwa, masu shago da yawa ba sa son sa saboda hukuncin siffar mai rai, kuma a 2021 hukumar Hisba ta Kano ta umarci masu kanti su yi amfani da marasa kai kawai. Idan an yanke shi, a rufe wuyan da murfin da aka zuba a ƙaramin ƙoƙo ko aka sassaƙa da itace; masu tallan hula da ɗankwali kuma dunƙule marar fuska ya ishe su. Daga nan sai a cike layin haɗi da fotin masu mota, a goge da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa fenti siriri sau 2 ko 3, a bar shi ya bushe sarai kafin shadda ta taɓa shi. Mazubin kuma a haɗa gidajensa a ɗaure, a rubuta hagu ko dama da girmansa a baya, a ajiye a kan katako nesa da danshin ƙasa. Na filasta da aka kula da shi yana fitar da hannaye da dama kafin gefunansa su fara cinyewa, na silikon kuma ya fi shi jimawa.