Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Gidan Ƙasa

A cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Birnin Damagaram, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga gidan da aka kulle aka bari ba: zanko ya karye, ciyawa ta fito a kan soro, bangon zaure ya yi ciki. Mutane kan ce ginin ƙasa ba ya ƙarko, alhali Gidan Makama na Kano asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, a ƙarni na 15. Abin da ke kashe gidan ƙasa ruwa ne, idan babu mai kula da inda yake bi. Saboda haka gyaran gaba ɗaya bin sawun ruwa ne, daga sama har gindin bango.

Kafin a sayi ko da kwando ɗaya na ƙasa, a fara da magada. Yawancin gidajen nan na gado ne, kuma sau da yawa rashin daidaito ne ya sa aka bar su. A zauna, a yarda da wanda zai kashe kuɗi da wanda zai zauna a ciki, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa.

Daga nan sai a nemo magini, wanda ya gaji ginin ƙasa, ba birkila mai aikin bulo kaɗai ba. Aiki da rani ake yin sa, amma dubawa da damina ta fi, domin a lokacin ne gida ke tona asirin kansa. A shiga bayan an ɗauke ruwa, a ga inda rufi ya yi tabo, da inda ruwa ya kwanta a tsakar gida, da indararon da ya toshe har ruwa ya koma yana bin bango. Magini zai soka tsinin wuƙa a jikin azara: in ta tsaya, icen na da rai, in ta nutse gari ya zubo, ya ruɓe ko gara ta gama da shi. Inda bango ya tsage zai liƙa ɗan yaɓe a kan tsagar ya bar shi makonni. Idan yaɓen ya sake buɗewa, bangon yana motsi ke nan, matsalar tana tushe, kuma toshe tsagar ɓata ƙasa ne.

In zanen bango ya rage, a ɗauki hotonsa tun yanzu. Sannan a kwashe tarkace da hattara, don kango ba ya rasa kunama da maciji. A tumɓuke duk tsiron ceɗiya ko durumi da ya kama bango har saiwarsa. Ɗakin da rufinsa ya lotsa, a tokare shi da itace tukuna kafin kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Rufi shi ne aiki na farko. Ana kwashe ƙasar sama, a yaye tsohuwar zana, a fitar da azara ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau a ajiye ta, don giginya ta yi wuya yanzu, tsohuwar azara mai lafiya kuwa ta fi sabuwar da aka sara ba ta ƙosa ba. Magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri. Azara ba ta ɗaukar nauyi a tazarar da ta kai mita 2, shi ya sa magabata suka iya jera ta hawa hawa, suka ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga har aka sami soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Idan gidanka yana da baka ko da guda ɗaya, kada ka yarda a rushe shi a zuba kankare. A tokare shi, a buɗe ƙasar da ta lulluɓe azarar, a sauya wadda ta mutu, a ɗaure, a mayar. Masu iya wannan sun ragu ƙwarai, kuma ladansu bai kai darajar aikinsu ba.

Bayan an shimfiɗa sabuwar zana an zuba ƙasa, a karkata rufin ya gangara wajen indararo. Indararon ya fito sosai, ya jefa ruwa nesa da bango.

Sai a sauko gindin bango, inda laima ke hawowa ta ci ƙasa har bango ya rame daga ƙasa. A nan a duba waje. A tsofaffin unguwanni lungu ya yi ta tashi shekara da shekaru har ya fi tsakar gida tudu, kwata kuma ta manne da katanga. In ba a gyara magudanar ba, duk abin da aka yaɓa banza ne. Haka salgar da ke jikin bango, da famfo mai yoyo. Ana ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar ƙasar kaɗan kaɗan, kamu biyu ko uku, a cike da tubali, a bari ya bushe, sannan a matsa gaba. Wanda ya ƙwaƙule tsawon bango a rana ɗaya zai kayar da shi. Ƙasar gyara birji ce, a cuɗe ta da ciyawa da ruwa, a tattake, a bar ta ta kwana kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo. Ƙasar bangon da ya faɗi ma ana sake jiƙa ta, kuma ta fi kama jikin ɗan'uwanta.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kashe gidansu da kuɗinsu: shafen siminti a kan ƙasa. Yana da kyau a ido shekarar farko. Amma siminti ba ya haɗa jiki da ƙasa, kuma ba ya barin laima ta fita. Ruwa ya shiga ta ƙaramar tsaga, ya maƙale a baya, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye, gara na aikinta ba mai gani. Ƙwanƙwasa irin wannan shafe, za ka ji yana ƙara kamar ganga. Wata rana ya ɓamɓaro ya taho da rabin bango. Abin da ya dace da ƙasa shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi, da gashin akuya daga majema, da ruwan dafara. A Kano har yanzu karofin Ƙofar Mata na aiki. Siminti yana da wurinsa: banɗaki da wurin wanki, a gina su da bulo, a ware su daga tsohon bango, bututun ruwa kuma ya bi ta waje inda za a ga yoyonsa.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba, a buga da madaɓi har ya yi santsi. A shafe ciki da farar ƙasa. Zanen fuskar zaure, dagi da sauransu, shi ne na ƙarshe, a bi hoton da aka ɗauka.

Bayan gyara, kulawa ba ta ƙarewa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, a garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan masu sake yaɓe. Gidanka ma haka yake buƙata. Kowace bazara, kafin ruwan farko, a hau soro a share indararo, a cike tsaga, a sabunta yaɓen bangon gabas, domin ta nan hadari ke bugowa. Kuma a sa mutum ya zauna a ciki, ko ɗan haya ne, wanda zai ga ɗigon farko ya faɗa.