Yawon Sallah a Kan Duwatsu da Bakin Dam: Shawarwari 10 ga Magidanta

Da an sauko daga Idi an ci tuwon Sallah, yara da matasa sai su fara neman inda za a nufa. A Kano ana hawa Dala da Goron Dutse, a Zariya ana zuwa Kufena, a hanyar Gusau kuma ga Kwatarkwashi. Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ita ma tana da nata duwatsun da tuddai, inda mata ke shanya, makiyaya ke hangen dabbobi, yara kuma ke yin sulu a kan kwali ko ɓarin jarka. Ga dam ɗin Mairuwa kusa da Funtuwa, ga na Zoɓe a wajen Dutsin-Ma.

A ƙasashen da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin su Faransa da Siwizalan, ba a buɗe gangara ga jama'a sai ma'aikata sun fita da sassafe sun duba ta. Su kafa alama, su rufe wadda ta lalace, da yamma kuma su bi ta su tabbata ba a bar kowa a sama ba. Namu duwatsun ba su da irin waɗannan ma'aikata. Don haka aikin duka ya faɗo a wuyan maigida da uwargida. Ga abin da ya kamata su kula da shi.

1. A fara da tambayar tsaro. Duk sauran shawarwarin suna bayan wannan. Yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana maƙwabtaka da dazuzzukan Rugu da Kogo, kuma ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Dutsen da ke bayan gari, wanda ba a hango shi daga gidaje, ba wurin kai iyali ba ne, ko da ana cewa an yi sulhu da 'yan bindiga. A tambayi mai unguwa, a tambayi 'yan sintiri ko jami'an rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023, kuma a yi tambayar a ranar da za a fita, domin labarin jiya ba ya amfani a yau. Idan sun ce a dakata, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada kuma a dogara ga waya kaɗai. A 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma ko a yau akwai lungunan da sabis ba ya kaiwa. A bar wa wani babba a gida bayanin inda aka je, da mutum nawa, da lokacin dawowa. A sauko kafin la'asar sakaliya.

2. A raba dutsen gida-gida kafin a hau. Wuraren zamiya na Faransa suna yi wa gangara alama da launi: kore ga ɗan koyo, shuɗi ga mai ɗan hannu, ja ga gwani, baƙi ga ƙwararre. Maigida zai iya yin irin wannan rabon da idonsa. Inda mutum zai taka a tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba, nan ne wurin kowa da kowa. Inda sai an sa hannu ɗaya, na samari da 'yan mata ne masu ƙarfi, tare da babba. Inda sai da hannu biyu, ko inda idan aka zame ba abin da zai tare mutum, ba na iyali ba ne ko kaɗan. Wanda ya fi kowa rauni a tawagar shi ne ma'auni, ko tsohuwa ce, ko mai ciki, ko mai goyo, ko mai hawan jini. A nemi ɗan gari ya yi jagora, domin shi ya san inda hanyar hawa take da inda rami yake a ƙarƙashin ciyawa.

3. A duba halin da dutsen yake ciki a wannan lokacin. Sallah tana zagayawa cikin shekara, dutsen da aka hau lafiya a wata Sallar yana iya zama tarko a wata. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yana tsattsafowa ta kan dutse ya bar baƙin layi mai gansakuka. Daga nesa kamar ya bushe, amma da an ɗora ƙafa sai a ji ta tafi. Da hunturu iskar da ke sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, hazo yana ɓoye bakin gaɓa, busasshiyar ciyawa kuma tana da santsi, ga saurin kama wuta. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, dutse ya ɗauki zafin da zai ƙona tafin ƙafar yaro. A irin wannan lokaci a hau da hantsi, a sauko kafin rana ta take.

4. Kayan Sallah ba kayan hawa ba ne. Sabon takalmi mai sulɓin ƙasa, da silifas, da takalmi mai tsini, su ne kan gaba wajen kayar da mutum. A sa kambas ko takalmin roba mai kama ƙasa wanda ya rufe yatsu. Babbar riga tana ɗaukar iska, doguwar hijabi da zani mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa. A zaɓi sutura mai rufe jiki wadda ba ta wuce idon sawu ba. Kaya su shiga jakar baya domin hannuwa su zama a sake. A riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya ga kowane mutum, da tocila, da bandeji. Idan ƙishi ya galabaitar da wani, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a ba shi.

5. Saukowa ta fi hawa haɗari. A lokacin an gaji, gwiwa tana rawa, ana kuma ɗokin isa ƙasa. A sauko a karkace, taki gajere-gajere, inda ya yi tsaye kuma a juyo a fuskanci dutsen. Kada a jera wani a ƙarƙashin wani a wurin da ke da tsakuwa, domin dutsen da na sama ya ture a kan na ƙasa zai sauka. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya. Mai ɗaukar hoto da waya ya tsaya cak ya ɗauka, kada ya riƙa ja da baya idonsa na kan waya.

6. Kada a bar sulu ba mai tsaro. Hana yara sulu gaba ɗaya abu ne mai wuya, gara a tsara shi. Babba ya fara duba ƙarshen gangarar: yashi ne a shimfiɗe, ko dutse, ko rami, ko titi? Ya share fasassun kwalabe da ƙaya. A riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, a zaune, ƙafa a gaba. Na sama ba zai taso ba sai na ƙasa ya kauce. Ɓarin jarka ya fi kwali gudu nesa ba kusa ba, kuma bakinsa yana yanka, saboda haka kada a ba ƙananan yara. Ban da kwanciya rub da ciki kai a gaba, ban da ɗaukar ƙani a cinya.

7. Da an ji tsawa a sauka. Wanda ke ƙololuwar dutse shi ne ya fi kowa kusa da aradu. Idan aka ga walƙiya a fara ƙirga. Kowane daƙiƙa 3 kafin a ji ƙarar daidai yake da nisan kilomita ɗaya. In ƙirgar ba ta kai 30 ba, hadarin ya iso. Kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko a bakin kogo, a nemi gini ko a shiga mota a rufe gilashi, a kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Kwazazzabo da busasshiyar ƙorama su ma ba mafaka ba ne, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya cika su cikin ɗan lokaci. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, cikin dare ɗaya ta yi ɓarnarta.

8. A ji tsoron ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Bakin dam yana da gangara mai laka a ƙarƙashin ruwa. Taki biyu ruwa na gwiwa, na uku ya shanye mutum. Haka kududdufai da tsofaffin ramukan haƙar farar ƙasa da ake da su a ƙasar Ƙanƙara, waɗanda ke cika da damina, bakinsu kuma yana zaftarewa. Wanka a ruwan da ke kwance yana jawo tsargiya, cutar fitsarin jini. Idan za a shiga kwale-kwale, a ƙirga mutane, a nemi rigar ceto, a ƙi shiga in an yi lodi ko rana ta faɗi. Hatsarin jirgin ruwa na Ɓagwai a jihar Kano, a ƙarshen Nuwamban 2021, ya halaka mutum fiye da 20, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Idan wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka wadda ba komai a ciki, murfinta a rufe.

9. A wuraren da ake biyan kuɗin shiga, a duba hidimar kafin a biya. Gidan zoo na Kano da wuraren wasan yara na birane suna cika maƙil da Sallah. A tambayi kuɗin shiga da na kowane wasa tun a ƙofa, a karɓi tikiti. A dubi lilon da kyau: sarƙa ta yi tsatsa, akwai bel, akwai ma'aikaci a tsaye, ana ɗora yara fiye da kujeru? A san inda ƙofar fita take, da banɗaki, da wurin salla. Abinci a sayi mai zafi da aka dafa a gaban ido, ruwa kuma wanda yake a rufe. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun kowane ƙaramin yaro, a nuna musu wuri guda da za a haɗu in an rabu, a ƙirga su a shiga, a ƙirga su a fita.

10. A san abin yi idan tsautsayi ya faɗa. Tsagar dutse gidan kububuwa ce da kunama da ƙudan zuma, don haka kada yaro ya zura hannu inda idonsa bai gani ba, kada ya jefi saƙar zuma. Idan maciji ya sari mutum, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure gaɓar tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa, na Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, a nemi allurar dafin maciji. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a tayar da shi zaune, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, kai da jiki a miƙe. Wanda ya bugu a kai ya suma, ko yana amai, ko barci na fizgarsa, asibiti za a kai shi ko da ya ce ya warke. Karaya kuwa a fara ɗaukar hotonta kafin a je wurin mai ɗori, kuma in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi bayan ɗori, a kwance a garzaya asibiti. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma lambar direban da ke kusa ita ma a riƙe ta.

Kira na ƙarshe ga limamai da masu unguwanni: ku sa wannan magana cikin huɗubar Idi da sanarwar gari, ku ambaci sunayen wuraren da bai kamata yara su je ba a bana. Ku kuma iyaye, kada kukan yaro ko kuɗin motar da aka riga aka biya ya sa ku ƙarasa tafiyar da hankalinku bai kwanta da ita ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya maimaita mana.