Wasiƙar Nasiha ga Ɗaliban Ƙasar Daura kan Zaɓen Kalkuleta

Zuwa ga ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure.

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya kamata ya sani cewa kalkuletar da ake yarda da ita a zaure ita ce wadda ba ta yin ƙara kuma ba a iya adana mata darasi ko dabarun lissafi, don haka tsada ba ta da wani amfani a nan, kuma wayar hannu haramtacciya ce ko da ta fi kowace na'ura iya aiki. A jarrabawar JAMB kuwa, wadda ake yi a kwamfuta, kalkuleta tana kan allo, ba a shiga da ta gida.

A ɓangaren ƙididdiga na jarrabawar lissafi, abin da ake buƙata daga kalkuleta kaɗan ne: na'urar ta iya fitar da matsakaici da kuma ma'aunin watsuwa, wato adadin da ke nuna yadda alƙaluma suka yi nisa da matsakaicinsu. Casio fx-82MS, mai sauƙin kuɗi, tana yin wannan a sashenta na SD, ita kuwa fx-991ES Plus tana jera alƙaluman a tebur, abin da ke sauƙaƙa gano kuskuren shigarwa, sai dai layin yawan maimaituwa ba ya fitowa sai an kunna shi. Inda ɗalibai suka fi faɗawa shi ne wajen zaɓen amsa, domin na'urar tana ba da ma'auni iri biyu, ɗaya an raba da yawan alƙaluman, ɗayan an raba da yawansu ban da ɗaya, alhali manhajar sakandare na farkon take bi.

Da yake jabu ya yi yawa a kasuwa, mai saye ya gwada tun a gaban mai shago: ya shigar da 2, 4, 4, 4, 5, 5, 7, 9, matsakaici zai zama 5, ma'auni na farko 2, na biyu kusan 2.14, sannan ya lura ko maɓallai suna maƙalewa ko rubutun allo yana dusashewa idan aka karkata shi.

Aron kalkuleta ranar jarrabawa ganganci ne, tunda kowane samfuri da tsarin maɓallansa, kuma ƙididdigar da mai ita ya bari a ciki tana iya gurɓata sabon lissafi. A takardar da ake nuna aiki, mai duba jarrabawa yana ba da maki kan teburin da ɗalibi ya zana da matakan da ya bi, saboda haka a yi aikin da hannu, a bar wa na'ura tabbatar da amsa.

Wassalam.