Kumburin Gwiwa da Ɗingishi ga Yaro Mai Tatata

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata takarda da wata baiwar Allah ta aiko mana daga zangon Kumasi. Ta ce 'yarta mai shekara biyu da wata huɗu yau mako uku ke nan tana ɗingishi, gwiwarta ta dama ta kumbura, ba wanda ya ga faɗuwarta, jikinta kuwa ba zafi. Da safe sai ta ƙi taka ƙafar, sai an ɗauke ta, amma in rana ta ɗaga sai a gan ta tsakar gida tana wasa kamar ba ita ba. An kai ta wurin maɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure. Kakarta ta ce sanyi ne. Uwar tana so ta san ko mene ne wannan.

Ba a gane ciwon yaro daga cikin takarda, sai an gan shi, an taɓa shi. Abin da za mu yi shi ne mu bi sawun likita, mu ga yadda ya ke tunani in an kawo masa irin wannan yarinya.

Wahalarsa ta farko ita ce mai ciwon ba ta iya faɗin inda ke mata zafi. Saboda haka kafin ya sa hannu sai ya ajiye ta ƙasa ya dubi tafiyarta. In yaro ya ƙi tsayawa amma yana rarrafe a kan gwiwoyinsa ba kuka, to, galibi ciwon yana ƙasa da gwiwa ne, a ƙwauri ko a tafin ƙafa, inda ƙaya ko tsartse kan ɓuya. Sa'an nan ya gwada gwiwar nan da 'yar'uwarta, ya ji ɗuminsu da bayan hannu, ya lanƙwasa ya miƙe. Ba ya barin kwatangwalo bai juya shi ba, domin jijiyoyin da ke kai labarin zafi daga kwatangwalo su ne kuma ke zuwa gwiwa, har yaro ya riƙa nuna gwiwa alhali ɓarnar tana sama.

Tambayar da ta fi kowace gaggawa kuwa ita ce, shin ƙwayoyin cuta sun shiga cikin gaɓar? Gaɓa kamar jaka ce rufaffiya, da ɗan ruwa mai yauƙi a ciki, bakin ƙasusuwan kuma an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi. In ƙwayoyin cuta suka biyo jini suka faɗa cikin wannan jaka, sai ta cika da mugunya, mugunyar kuwa tana cin guringuntsi cikin 'yan kwanaki kaɗan, abin da ta ci ba ya komawa yadda ya ke. Yaron da wannan ya sama yakan yi zazzaɓi, gwiwa ta yi zafi jau, ya ƙi yarda ko a motsa ta, ya ƙi abinci. Irin wannan ba a kwana da shi a gida, ko da tsakar dare ne. Mafi yawa ƙwayar da a ke kira Sitafilokokas ke jawo shi. Da can akwai wata mai suna Hemofilus da ta addabi ƙananan yara, amma allurar rigakafinta, wadda aka soma yi wa jarirai a Ingila cikin 1992, ta kusa kawar da ita a duk inda a ke yin ta.

Amma fa rashin zazzaɓi bai wanke gaɓa ba. Akwai wata ƙwaya, Kingela, wadda aka raɗa wa sunan Elizabeth King, masaniyar ƙwayoyin cuta a Atlanta ta Amurka da ta bayyana ta cikin 1960. Tana zaune a maƙogwaron yara 'yan wata shida zuwa shekara huɗu, takan kuwa shiga gwiwa a asirce bayan mura, ba zazzaɓi mai tsanani, yaro yana ta wasansa yana ɗingishi. Da ya ke ba ta cika tsiro a kwanon gwaji ba, an daɗe ana raina ta, sai da aka sami dabarar neman ƙwayar halittarta a cikin ruwan gaɓa aka gane yawan ɓarnarta.

Don haka likita kan ɗebi jini ya ƙidaya fararen ƙwayoyinsa, ya auna alamun kumburi, ya ɗauki hoton ƙashi, ya kuma leƙa gaɓar da na'ura mai aiki da amon sauti, wadda ke nuna ruwa ko da kaɗan ne. In shakka ba ta fita ba, sai ya soka allura ya zuƙo ruwan. Iyaye da yawa nan su ke tirjewa, suna tsoron kada allura ta gurgunta yaro. Ni a ganina wannan tsoro an ajiye shi ba a wurinsa ba: mugunyar da aka bari ita ke gurguntawa. Ruwan da aka zuƙo shi ne shaidar da ba ta ƙarya. In ya fito gurɓatacce, fararen ƙwayoyi sun haura 50,000 a ɗigon awo guda, sai a wanke gaɓar a soma magani ta jijiya. In jini ne tsantsa ya fito, zance ya sake. Abin da ke ɓata wannan shaida shi ne kafso da sirof da a kan saya a kanti a ɗura wa yaro tun kafin a je asibiti, su dushe ƙwayar ba su kashe ta ba, a yi gwaji a rasa ta.

Mu mutanen Afirka ta Yamma muna da wani abu da ya wajaba mu gaya wa likita tun bai tambaya ba, musamman a ƙasar da ba a saba ganinsa ba, watau amosanin jini, wanda a ke kira sikila. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa. Yaro mai wannan ciwo yakan soma da kumburin hannuwa da ƙafafu tun yana wajen wata shida, kuma ƙashinsa ya fi na kowa saurin kamuwa da ƙwayar Salmonela. A Ingila ana gwada kowane jariri da ɗigon jinin diddige a kwana na biyar. Wanda aka haifa inda ba a yin haka, a nemi a gwada shi.

Karaya ma takan ɓuya. Yaro mai tatata in ƙafarsa ta maƙale ya murɗa, ƙashin ƙwaurinsa kan yi 'yar tsaga siririya kamar gashi. Wani likita mai suna Dunbar da abokan aikinsa suka bayyana ta cikin 1964. Sau da yawa hoton farko ba ya nuna kome, sai bayan kwana 10 zuwa 14, sa'ad da sabon ƙashi ya soma fitowa. Ita dai ba ta cika kumbura gwiwa ba, tana kuwa warkewa sarai.

To, in makonni suka shuɗe, gwiwa tana nan a kumbure, gwaje-gwaje ba su nuna ƙwayar cuta ba, sai hankalin likita ya koma ga sanyin gaɓoɓi na yara. Mutane suna ɗauka wannan ciwon tsofaffi ne, amma tun 1897 George Frederic Still, likitan yara a London, ya rubuta labarin yara 22 masu fama da shi. Sojojin jiki ne da kansu ke juyowa su afka wa tantanin gaɓa, ya yi kauri ya riƙa zubo ruwa. Nau'insa da ya fi yawa yana kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, ya fi son 'yan mata tsakanin shekara ɗaya da huɗu, gwiwa ce kuma wurin da ya fi sauka. Alamarsa ita ce sanƙarewa da safe wadda ke saki in an motsa jiki, da kumburi wanda ya fi zafinsa yawa. Ba wani gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Ana sa masa suna ne in kumburin ya kai mako shida, an kuma kore sauran dalilai.

In aka bar shi, gwiwa takan ƙage a lanƙwashe, naman cinya ya motse, ƙafar mai ciwo kuma ta fi 'yar'uwarta tsawo, gama yawan jinin da ke zuwa wurin yana hanzarta girman ƙashi. Babban haɗarinsa kuwa yana cikin ido. Wajen ɗaya cikin biyar na irin waɗannan yara cikin idonsu kan kumbura a ɓoye, ba ja, ba hawaye, ba zafi, har yana ta rufe shi ko gani ya tafi. Ba mai gane wannan sai likitan ido da fitilarsa ta musamman, ana kuwa maimaita dubawar duk bayan 'yan watanni shekara da shekaru, ko da gwiwar ta lafa. Maganin gwiwar kansa akwai shi: allura a cikin gaɓar takan kwantar da ita watanni da yawa, in ta ƙi sai a koma ga metotirezet, wanda a ke ba da shi sau ɗaya a mako.

Kafin a kai ga wannan hukunci, likita zai tambayi inda yaro ya zauna da abin da ya ci. Tarin fuka yakan sauka a gwiwa, ya kumbura ta sannu a hankali ba ɗumi sosai, don haka in akwai mai tari a gida, ko kaka ce da ta zo baƙunci, a faɗa. Masu sauraronmu na Saudiyya da Sudan da Cadi su tuna da ɗanyar madarar raƙuma da awaki, wadda ke ɗauke da ƙwayar da David Bruce ya gano a tsibirin Malta cikin 1887. Tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da kumburin gwiwa ko kwatangwalo, tafasa madara kuwa yana kashe ta. Na arewa maso gabashin Amurka su kuma kaska ce abin tsoronsu. A 1975 iyaye mata a garin Laim na jihar Konetikat suka ga yaran da aka ce suna da sanyin gaɓoɓi sun yi yawa ƙwarai a ƙaramin wuri, suka matsa aka bincika, har aka gano cizon kaska ne, Willy Burgdorfer kuma ya bayyana ƙwayar cikin 1982. Gwiwa takan cika tim watanni bayan an manta da cizon, maganin mako huɗu kuwa yakan warkar da mafi yawansu.

In yaron namiji ne, za a tambaya ko ya zubar da jini da yawa ran kaciya, ko cikin kawunnansa na wajen uwa akwai mai haka. Ciwon rashin daskarewar jini ta wurin uwa a ke gadonsa, yakan kuwa bayyana daidai lokacin da yaro ya soma tafiya, jini ya riƙa tsiyaya cikin gwiwa. Irin wannan yaro in wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho, ana iya rasa shi.

Saura guda, wadda ba ta da yawa amma ba a tsallake ta, ita ce sankarar jini, wadda ta fi kama 'yan shekara biyu zuwa biyar. Yaro ya ɗashe, ya rame, jikinsa ya riƙa yin tabon kwanciyar jini, zafin ƙashi ya tashe shi cikin dare. Saboda ita ne likitoci ba su yarda a ba yaro mai kumburin gaɓa firedinisolon ko dezametazon kafin a duba jininsa. Waɗannan magunguna suna saukar da kumburi nan da nan, iyaye su yi murna, alhali sun lulluɓe sankarar ne, ta ɓace wa mai bincike, ta dawo da wuyar magani.

Mu koma ga mai takardarmu. Malama, abin da kika bayyana ya fi kama da sanyin gaɓoɓi na yara, amma kada ki zauna jiran mako shida su cika, wannan lissafin likita ne, shi zai yi shi bayan ya kore sauran. Ki kwance ɗaurin nan, a bar ja da murza. Ki kai ta sashen yara na babban asibitin Komfo Anokye cikin makon nan, ki tafi da katin rigakafinta da kwalaben duk abin da aka ba ta, har da na gargajiya. Ki gaya musu ranar da abin ya soma da yadda ta ke tashi da safe, ki kuma roƙa a duba idonta. In zafi ya dame ta, farasitamol daidai nauyinta ya isa, ban da asfirin. In kuwa kafin ranar jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi taka ƙafar ɗungum, ki ɗauke ta a wannan sa'a.