Zaman Masu Neman Rabuwa da Giya: Inda Ake Samunsa da Yadda Ake Yinsa

Jama'a, akwai wata cuta a cikinmu wadda ba a zuwa duba mai ita. Mai zazzaɓi ana kai masa kunu, wanda ya karye a kai shi wurin mai ɗori, amma wanda giya ta kama sai dai a yi da shi a bayan idonsa. Shi kuwa ba wa'azi ya rasa ba. Ya san haramun ce, ya sha rantsewa yana karyawa. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun daga shekarar 2000, ga tsoron Hisba da bulala a kan kunyar da yake ciki. Sai ya ƙara ɓuya, ya koma sayen ta leda yana cusawa a aljihu, yana tauna goro don kashe wari. Wannan takarda dominsa aka yi ta, da kuma iyalinsa.

A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, wasu mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Dakta Bob Smith, likitan tiyata. Kowannensu ya yi iya yinsa shi kaɗai ya kasa. Abin da suka gano shi ne, idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka gaya wa juna gaskiya, ƙishirwar takan lafa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA, yau kuma ta bazu a duniya. Wani babban nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 ya nuna wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin jinya ba wajen sa mutum ya daina sha ɗungurungum.

To, me ake yi a zaman AA? Ɗaki ne da kujeru, sau da yawa a kewaye, ana yin kamar awa guda. Babu likita, babu alƙali, babu mai wa'azi. Mai jan zaman ma tsohon mashayi ne. Kowa sunansa na fari kawai yake faɗi. Wani ya ba da labarin yadda ya sha kuɗin makarantar 'ya'yansa, ba mai katse shi, ba mai cewa tir. Idan ya gama a yi masa godiya, wani ya karɓa. Baƙo ba a tilasta masa magana, yana iya zama ya saurara har a tashi. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai a zagaya da ɗan kwano don kuɗin ɗaki da shayi. Abin da aka faɗa a ɗakin kuwa, a nan ake barinsa. A ganina wannan sirri shi ne ya fi dacewa da mu, mu da tonon asiri ya fi mana ciwo a kan duka.

Alkawarin da ake ɗauka na yini guda ne: yau ba zan sha ba. Gobe a sake. Idan mutum ya saba, sai ya zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama madogararsa, wanda zai buga wa waya da tsakar dare in abin ya motsa.

Maganar nemowa, gaskiya irin wannan zama bai yawaita a ƙasar Hausa ba. Fara tambaya a asibitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA. Kada sunan asibitin ya tsorata ka, zuwa can ba hauka ba ne. Mai wayar da ke shiga intanet kuma zai sami zaman da ake yi ta Zoom dare da rana, galibi da Turanci ko Faransanci, yana iya rufe kyamararsa. Akwai buɗaɗɗen zama da kowa ke shiga, akwai rufaffe na mashaya zalla, akwai na mata su kaɗai.

Wani zai ce, ai wannan abin Nasara ne. Amma matakai goma sha biyu da ake bi a AA suna ambaton Ubangiji ba tare da ɗaure mutum ga wani addini ba. Musulmin garin Baltimo na Amurka ma sun kafa tasu a 1989, mai suna Millati Islami, bisa Alƙur'ani da Sunna. Matar mashayi da 'ya'yansa su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, tun 1951.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke farat ɗaya a gida. Jiki na iya ɗaukar rawa da gumi, daga nan farfaɗiya ko gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan yana kisa. Likita za a fara gani, zaman ya biyo baya.

Ɗan'uwa, in zaman farko bai kwanta maka ba, gwada wani. In ka zame ka sha, koma, ba a korar kowa saboda haka. Ku kuma iyali, kada ku tsaya jiran sai ya nemi hanya da kansa. Ku tambayo masa, ku raka shi har bakin ƙofa.