Asusun Yaro

Jama'a, mun koyi karatu, mun koyi lissafi. Yanzu sai mu duba yadda za mu koya wa 'ya'yanmu riƙon kuɗi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Kakanninmu da wuri su ka yi ciniki. Daga baya a ka kawo fam da sule da kwabo, sule 20 fam guda. A shekarar 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo, kwabo 100 naira guda. Kuɗi ya sake kama sau da yawa, amma halinsa bai sake ba: ba ya zama a hannun wanda bai iya riƙonsa ba.

Yaro ba ya koyon riƙon kuɗi da faɗa. Sai ya riƙe nasa na kansa. Yaranmu kuwa su kan sami kuɗi: ga na barka da salla, ga kyautar baƙo, ga ladan aike.

Da fari mu koya masa sanin kuɗi. Mu nuna masa takardar naira 50 da ta 100, ya karanta lambar. In mun aike shi da naira 500 ya sayo kayan naira 350, mu tambaye shi canji nawa ne tun bai fita ba.

Sa'an nan mu saya masa asusu wurin mai ginin tukwane. Duk abin da ya samu, ya raba uku: na kashewa, na asusu, da na sadaka. In yana jefa naira 100 kowace ranar kasuwa, mako 52 zai tara naira 5,200. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma kada kuɗin ya daɗe a asusu. Gara da laima su kan ci takarda, kaya kuma suna ƙara tsada. In ya taru, a fasa asusun a gaban yaron, ya ƙirga da hannunsa, a je kasuwa tare a saya masa kaza. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar da 'yan tsaki in sun girma, a kama 'yar akuya. Nan zai gani da idonsa kuɗi yana haihuwa.

Ga babban abin lura. Da yawa cikinmu mu kan karɓe kuɗin yaro, mu ce, “Kawo in ajiye maka,” mu yi cefane da shi, shi ke nan. Yaron da a ka yi wa haka ya koyi abu guda: gara ya kashe kuɗinsa nan da nan. In lalura ta sa mun taɓa, mu gaya masa rance ne, mu rubuta, mu biya ran da mu ka ce. Ta haka zai san amana, ya san bashi abin biya ne.

Wannan koyarwa ta maza da mata ce duka. Kada kuma neman kuɗi ya hana yaro zuwa makaranta.

Tambayoyi
1. Kashi nawa yaro zai raba kuɗinsa?
2. Don me ba a barin kuɗi ya daɗe a asusu?
3. Ladi tana ajiye naira 50 kowane mako. Nawa za ta tara a mako 12?