Idan Kaka Ta Rage Sauri: Tsufa da Sinadarin Dofamin

Uwargida mai juna biyu, idan haihuwa ta zo, galibi mahaifiyarki ko surukarki ce za ta tare a gidanki, ta yi wa jariri wanka, ta goya shi ki samu barci. Wataƙila ki lura ba ta da zafin nama kamar da, tashi daga tabarma ma sai ta yi a hankali. Kada ki ɗauka son jiki ne.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira dofamin. Shi ke kai saƙon motsi, kuma yana da hannu a kuzari da mai da hankali. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya samu kyautar Nobel a 2000 saboda bincikensa a kansa. Amma saƙo ba ya shiga sai ta ƙofa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da ƙofofin karɓar dofamin iri biyar, D1 zuwa D5. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa tun daga ƙuruciya ƙofofin D2 ke raguwa, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara goma. To ki lissafa abin da ya rage wa mai shekara 70. Wannan na daga cikin dalilan nawar jiki a tsufa, kuma shi kaɗai ba ciwo ba ne.

Ga inda abin ya shafe ki kai tsaye. Wasu magungunan amai da likita kan rubuta wa mai laulayin ciki, irin su Maxolon, Plasil da Stemetil, toshe ƙofofin D2 suke yi. Ke kina da ƙofofin da yawa, amma duk da haka wasu matasan mata kan samu sanƙarewar wuya ko juyewar ido. In haka ta faru, ki zo asibiti nan take. Ita kuwa Kaka, kaɗan ɗin da suka rage mata za a toshe. Sai ka ga tsohuwa ta kama karkarwa, jiki ya sandare, ana cewa iska ce ko sammu, alhali ragowar maganin jikarta ko 'yarta ta sha. Mun san al'adarmu ta "ungo, ni ma shi na sha na ji sauƙi". Don Allah a bar ta.

Maigida, kai ma ka sa ido. Karkarwar hannu ɗaya yayin da take zaune ba ta komai, jan ƙafa da gajeren taku, fuska ba walwala, ko yawan faɗuwa, duk sun wuce tsufa. Suna iya zama cutar Parkinson, inda ƙwayoyin da ke samar da dofamin ɗin ne ke mutuwa. Akwai magani, Levodopa, mai rage alamun sosai. Ku kawo ta tare da duk magungunan da take sha, har na gargajiya. Kafin likita ya gan ta, ta riƙa rungumar jariri a zaune, wani ya ɗauko mata ruwan zafin wanka.